Me ya sa gashin mayya a fim ba ya kwanciya?

Tambaya: Anti, ni mai kitso ce a Zariya, ina kuma yawan kallon finafinan Turawa. Na lura kusan duk mayyar da za a nuna, ko gashinta baƙi ne buzu-buzu, ko ja. Haka mayunsu suke ne, ko dai tsarin masu fim ne?

Amsa: Ƙanwata, aikin masu kwalliya ne, kuma da gangan suke yi. Suna so mai kallo ya gane ko wace ce tun kafin ta buɗe baki.

Fim ɗin da ya kafa wannan kamanni shi ne The Wizard of Oz na 1939. Margaret Hamilton ta fito a matsayin muguwar mayya mai koriyar fuska, baƙin gashi ɗaure tamau a ƙarƙashin doguwar hula mai tsini, ita kuwa Glinda, mayya mai kirki, aka ba ta gashi mai haske da ya sha nadi. Duhu na mugu, haske na nagari. Ni dai wannan rabon bai taɓa yi mini ba, don kusan duk matan da na sani baƙin gashi ne da su.

Hocus Pocus na 1993 ya bambanta mayu uku 'yan'uwa ta hanyar gashi kawai. Babbarsu, wadda Bette Midler ta fito a matsayinta, nata ja ne an tayar da shi tudu biyu a ka, ta tsakiya baƙi an murɗe shi sama, autar kuma mai ruwan zinare a sake. Bellatrix ta Harry Potter kuwa kamar wadda aka tsefe wa kai aka tafi aka bari. Hargitsin kan shi ke gaya miki hankalinta ba daidai yake ba. A The Witches na 1990 ma gashin babu shi. Mayun ƙwal suke, hular gashi suke sakawa don su saje da mutane.

Tunda sana'arki ce, je ki kalli Wicked na 2024. Ita dai waccan mayyar ta 1939 ce, amma Cynthia Erivo, haifaffiyar Landan wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, ta fito da ita da ƙananan kitso siri-siri irin kalaba, dogaye har gadon baya. Ki lura da tsagar idan kyamara ta matso. Ke kin san kai irin wannan wuni guda ake yi a kansa, wuyan mai kai ya ƙage, yatsun mai kitso su yi tsami. Labarin yana so ki tausaya mata, shi ya sa aka ba ta kan macen da ke kula da kanta. Ko da ta ɗora baƙar hular, kitson yana nan a zube a kafaɗarta.