Amsa kan yadda ake tallafe madubin da aka goge da hannu

Ɗan'uwa, ka ce ka kammala goge madubi mai faɗin santimita 20 da kaurin santimita 2.5 domin na'urar hangen taurari, kuma kana tambaya ko za ka manne bayansa gaba ɗaya a kan katako. Ina roƙonka kada ka yi haka. Katako yana kumbura da damshi, yana kuma tsukewa idan ya bushe, sai ya ja gilashin tare da shi, alhali lanƙwasar da ido ba ya iya gani ta isa ta ɓata siffar da ka sha wahalar fitarwa.

Abin da ya fi dacewa shi ne madubin ya zauna sakayau a kan ƙananan matattara, wato 'yan matokarai da bayansa zai hau kansu. Madubi mai kauri, wanda kaurinsa ya kai kashi ɗaya cikin shida na faɗinsa, matattara uku sun ishe shi idan faɗinsa bai wuce na naka ba. Naka kuwa ya ɗan yi siriri, don haka na fi son ka yi shida, biyu-biyu a kan sanduna uku masu lilo, domin nauyin ya rabu daidai. Gefensa ya jingina da madogara biyu a ƙasa, daidai tsakiyar kaurin gilashin.

Maƙallan da ke hana shi faɗowa kada su taɓa fuskarsa. Ka bar tazarar da takarda za ta ratsa. Idan ka duba tauraro, ka ɗan juya saitin na'urar har tauraron ya baje ya daina fitowa sarai, ka ga hasken ya fito da kusurwa uku maimakon da'ira, to maƙallan sun matse shi, sai ka sassauta su. Ka kuma buɗe ramuka a bayan mazaunin madubin domin iska ta sanyaya gilashin da wuri.