Tambaya da Amsa: Turancin da ba ya bin ƙamus

Tambaya: Malam, ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Wata mai saye ta ce kayana "cost an arm and a leg". Na san kowace kalma, amma ban gane nufinta ba. Yaya ake koyon irin wannan Turancin? Daga wani mai karatu, Agege.

Amsa: Malam, cewa ta yi kayanka sun yi tsada ƙwarai. Salon magana ne, kamar yadda muke cewa wane yana da dogon hannu, alhali sata muke nufi. Fassara kalma-kalma ita ce ke ɓatar da mai koyo, don haka a haddace jimlar ɗungurungum.

Ka ɗauki uku kacal a mako, ka rubuta kowanne cikin cikakkiyar jimla, ka faɗe shi sau biyar a hira ta gaske. Fara da "a piece of cake", abu mai sauƙi. "Under the weather", jiki ba daɗi. "Let me sleep on it", bari in yi shawara zuwa gobe. Na ƙarshen yana da amfani sosai wajen ciniki.

Kada ka musanya kalma. In ka ce "a slice of cake", kek na ci za a fahimta. Aikatau kaɗai ke sauyawa: "slept on it".

Sai kuma Turancin Legas. "Go-slow" a nan cunkoson motoci ne, a Ingila kuwa ma'aikata ne ke jan ƙafa da gangan don neman haƙƙinsu. Da baƙo daga waje, ka ce "traffic jam".