Na ga abin kunya a wayar da aka kawo min gyara, in faɗa wa wanda zai aure ta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran waya ne, wata yarinya ta kawo min wayarta sikirin ya fashe, ta ba ni lambar buɗewa, da na gama sai na shiga galari na ga hotuna marasa kyau da ta tura wa wani, na tura wa kaina ta Xender don hujja. Matsalar abokina ne zai aure ta, har an sa rana. In nuna masa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, tun kafin a zo kan abokinka, maganarka ta "da na gama" ita ce ta tsaya min a rai. Wato aiki ya ƙare, sikirin yana taɓuwa lafiya lau, sannan ka shiga. Da hoton faɗo maka ya yi kana cikin gwaji ka kau da kai, da babu komai a kanka. Amma kai da hannunka ka buɗe, alhali lambar nan amana aka ba ka don gyara. Wannan shi ne tajassusi, wato leƙen asirin mutane, da Suratul Hujurat ta hana, ga cin amana, ga kwafewar da ka yi ta zama na uku.

Na san za ka samu masu ce maka ai nasiha wajibi ce, su kawo hadisin Fatima bint Ƙais da Annabi (SAW) ya faɗa mata aibin Mu'awiya da Abu Jahm lokacin da suka nemi aurenta. To a duba hadisin da kyau mana. Ita ce ta je neman shawara, kai abokinka bai tambaye ka komai ba, sannan aibin da aka faɗa, Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahm kuma ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa, abu ne bayyananne da mutane suka sani, ba leƙe aka yi aka gano ba. Wanda ya yi kama da matsalarka shi ne abin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wani aka zo neman auren 'yar'uwarsa sai ya faɗa wa manemin ta taɓa yin ɓarna, da labari ya kai ga Sayyidina Umar sai ya doke shi ko ya kusa dukansa, ya ce ina ruwanka da ba da labari. Ɗan'uwanta fa kenan, balle kai. Kuma hoto ba ya nuna tuba, mai yiwuwa na shekara 3 ne da suka wuce ta riga ta gyara tsakaninta da Ubangijinta, sannan in bakinka ya zame ka ce zina ta yi ba shaidu 4, bulala 80 ce hukuncin ƙazafi.

Don haka ba za ka nuna masa ba. Ka goge yau ɗin nan, ka duba kwandon shara na galari da Google Photos domin yakan ajiye kwafi ba ka sani ba, ka tuba. Kar kuma ka kira ta da sunan wa'azi ka ce mata na gani, barazana za ta ji, kuma ta nan shaiɗan ya ja samari da yawa har suka koma karɓar kuɗi ko abin da ya fi kuɗi muni, ga dokar laifukan intanet ta 2015 a Najeriya tana jiran mai yin haka. In abokin ya tambaye ka da kansa, faɗi abin da ka sani na halinta a fili tun kafin wayar ta shigo hannunka. Da cutarwa ce ga ransa ko lafiyarsa ka gani, da hukuncin ya canja.

Kuma don Allah ka gyara tsarin shagonka, duk wanda ya kawo waya ka sa ya cire sim da memori da kansa, sim ɗin nan da shi kaɗai ana kwashe kuɗin mutum a banki, in gwaji ya kama a buɗe waya to mai ita ya buɗe yana tsaye a gabanka. Ku kuma 'yan'uwa mata, hoton da ba za ki so mahaifinki ya gani ba kar ma ki ɗauka.

Wallahu a'alam.