Dick Tiger da Maganar Sikeli

Yarona, tambaya biyu ka kawo mini a ƙunshi ɗaya. Ta fili ita ce musun da kuka yi da abokanka bayan atisaye, wai wane ajin nauyi ya fi dacewa da Dick Tiger, ɗan damben boksin na Najeriya, na laba 160 ko na 175. Ta ɓoye kuwa, ka gaji da rage tuwo, kana so in bar ka ka hau aji na gaba tunda shi ma ya hau ya ci kambu. Bari mu fara da Tiger ɗin, taka za ta fito da kanta.

A wurina gidansa 160 ne, wato kilo 72 da rabi. Tsawonsa ƙafa 5 da inci 8, ga ƙirji ga cinya, kuma ba ya ja da baya. A wannan aji babu mai ture shi. Gene Fullmer a zamaninsa da ƙarfin tsiya yake cin mutane, ya danne ka da kafaɗa har ka gaji. A Oktoban 1962, a San Francisco, Tiger ya tsaya masa turmi 15, shi ne ma ya riƙa mayar da Fullmer baya, ya karɓe kambun duniya da ke hannunsa. Suka yi canjaras a Las Vegas, sannan a Agustan 1963 aka kawo karawar filin Liberty na Ibadan. Bayan turmi na 7 Fullmer bai sake tasowa daga kusurwarsa ba, kuma daga ranar ya ajiye safar hannu. Rubin Carter ma, da ake tsoron hannunsa, sau uku ya sha ƙasa a gabansa a 1965.

Na san hujjar abokanka: a 160 ɗin aka ƙwace masa kambu har sau biyu, kuma Emile Griffith da ya yi na biyun daga ajin laba 147 ya hauro. Gaskiya ne. Amma ku kalli yadda aka ci shi, ba sakamakon kaɗai ba. Joey Giardello a 1963 da ƙafa ya ci shi, ya taɓa ya zame, ya ƙi tsayawa a yi musayar hannu. Tiger ya jira kusan shekara biyu, ya karɓi abinsa a 1965. Griffith a Afrilun 1966 shi ma zillewa ya yi ta yi, kuma 'yan jarida da yawa da ke bakin igiya sun ga Tiger ne ya ci. Matsalarsa ke nan, mai gudu, kuma mai gudu yana nan a kowane aji. Sikeli ba ya maganin wannan.

To, hawansa 175 fa? A Disamban 1966, yana da shekara 37, ya hau sikeli da laba 167, ya doke José Torres, mai riƙe da kambun ajin, a Madison Square Garden, ya maimaita a Mayun 1967. Aiki ne na gwani, ba na rage masa komai. Sai dai ka lura, Torres shi ma tsohon ɗan 160 ne, ba dogo can ba, kuma yana rufe fuska da hannu biyu ya matso. Wanda ya matso wa Tiger ya kawo masa haƙarƙarinsa har gida. Ranar da ya haɗu da ɗan ajin na asali ita ce a Mayun 1968. Bob Foster, ƙafa 6 da inci 3, yana taɓa shi daga inda shi ba ya isa, a turmi na 4 ya sakar masa bahago. Wannan ne kaɗai karon da aka ƙirga wa Tiger goma a duk rayuwarsa ta dambe.

Akwai masu cewa ajin laba 168 ne nasa, sai dai ba a kafa shi ba sai a shekarun 1980. Don ƙarshen zamaninsa na yarda da su, domin a kusa da wannan nauyi ya doke Nino Benvenuti a 1969, lokacin Benvenuti na riƙe da kambun 160, ko da yake ba kambun aka sa a karawar ba. Amma Tiger na ranar karawar Ibadan bai buƙaci labar kowa ba.

Ka ce mini a gidan damben gargajiya ba a aza kowa a sikeli, ƙaramin yaro yana kashe ƙato. Haka ne, na sha gani. Amma can turmi uku ne, hannu ɗaya aka ɗaure, bugu guda ya raba gardama. Nan kuwa mutum zai jingina maka nauyinsa, ka ɗauke shi a wuyanka da ƙafarka turmi bayan turmi. Kilo bakwai da ke tsakanin ajin nan biyu ba a jin su a farko, sai numfashi ya fara yankewa. Kuma su Tiger a ranar karawa ake auna su. Yau ƙwararru ana auna su tun jiya, su kwana suna ci suna sha, su shigo fili sun fi abin da sikeli ya nuna nesa ba kusa ba. Wanda za ka tarar a sama ya fi wanda Tiger ya tarar girma.

Yanzu kai. Tiger ya hau ne bayan ya gama da ajinsa, shekaru sun ja, rage nauyi ya zama azaba. Kai ba ka kai 23 ba, kuma abin da ya hau kanka kilo biyu ne, na shayi da burodin dare. Ƙashinka bai ƙaru ba, hannunka bai ƙara tsawo ba. Da na ga kana bushewa, ido ya zurma, bugunka ya mutu a turmi na uku, da ni zan fara ce maka ka hau, don ba na son yaro ya ƙona jikinsa da rigar leda da ƙin shan ruwa.

Ga yadda za mu yi. Mako huɗu, kullum da asuba kafin ka sa komai a baki ka hau sikeli, ka rubuta a littafin nan na kan benci. Ranar Asabar zan haɗa ka da dogon yaron nan na ajin sama, turmi huɗu, da hular kariya. Kada ka nemi kayar da shi. So nake in ga ko za ka iya shiga ƙarƙashin hannunsa ka kai ga haƙarƙari, ka fito ba a tare ka a hanya ba. In ka yi haka Asabar biyu a jere, sai mu sake zama.