Amsar tambayarki kan bikin gidan da aka tuɓe wa rawani

Uwata, Allah ya yi miki albarka. Saƙonki ya same ni da la'asar, na bar shi sai bayan isha'i, don tambayar ba ta amsar tsaye ba ce. Kin ce kin ga hotunan auren wani jikan sarakunan Rasha, kin duba kaf ba ki ga sarki ko ɗaya mai ci daga Turai ba, alhali an ce duk dangi ne. Kika ce, "Kawu, ba biki ba ne? Don an karɓe wa mutum sarauta sai 'yan'uwansa su guje shi?"

Bikin da kika gani na George Romanov ne da amaryarsa 'yar Italiya, ranar 1 ga Oktoba 2021, a majami'ar Saint Isaac da ke St. Petersburg. Dangantakar kuwa gaskiya ce, don kakar mahaifiyarsa jikar Sarauniya Victoria ta Ingila ce. Manyan baƙin da suka je irinsa ne, waɗanda gadon ya kuɓuce musu, kamar Simeon na Bulgeriya. Lokacin korona ne, kuma su kansu 'yan gidan Romanov ba su daidaita kan wane ne babbansu ba, duk wannan ya taimaka. Amma ki lura da abu biyu. Fadar shugaban Rasha, Kremlin, ta ce bikin bai shafe ta ba. Sojojin da suka jeru suka ɗaga wa ango da amarya takubba kuwa, sai da ma'aikatar tsaro ta hukunta waɗanda suka tura su. To gwamnatin da ta ɗauki ɗaga takobi da wannan nauyi, ya kike gani in sarkin wata ƙasa ya sauka da tawagarsa?

Abin da nake so ki riƙe shi ne, sarki mai ci ba shi da ƙafar kansa. Inda ya taka, ƙasarsa ce ta taka. Ke ko ni in muka je biki mun je cin tuwo ne da sada zumunci. Shi in ya je, ya zauna kusa da wanda jama'arsa suka sauke, aka kira wancan "Mai Martaba" a gabansa bai ce uffan ba, gwamnatin ƙasar za ta ce ya shaida cewa har yanzu wancan ne mai gari. Sarakunan Turai na yau kuma ba sa fita waje sai da shawarar gwamnatocinsu.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne Girka. Sojoji sun soke sarauta a 1973, sannan aka yi ƙuri'ar raba gardama a Disamban 1974, kusan kashi 69 cikin 100 suka ce ba sa son sarki. Sarki Constantine ya zauna a Landan. Kuma ba bare ba ne a ko'ina: yayarsa Sofia ita ce Sarauniyar Sifaniya a zamanin mulkin mijinta Juan Carlos, matarsa Anne-Marie ƙanwar Sarauniya Margrethe ta Denmark ce, mijin Sarauniya Elizabeth ta Ingila, Yarima Philip, haifaffen gidan sarautar Girka ne. A 1981, da za a yi auren Yarima Charles da Diana, aka gayyaci Constantine da laƙabinsa na sarki. Shugaban Girka na lokacin, Karamanlis, ya ƙi zuwa. Kalma ɗaya ce a jikin kati ta hana shugaban ƙasa halartar bikin da duniya ta taru a kansa. Ni ban ga laifinsa ba. Jama'arsa sun yi ƙuri'a shekara bakwai kafin nan, in ya je ya zauna a ɗaki ɗaya da wani "Sarkin Girka", shi kuma ya zama wa?

Suna shi ne gaba da komai a wannan harka, kuma mu ma mun san haka. Da tsohon gidan sarautar Zazzau ya yi kudu bayan jihadi, bai yar da sunansa ba, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Zazzau Suleja. Haka na Maraɗi yake amsa Sarkin Katsina. Mu mun sasanta da ƙara sunan gari a baya. Girkawa kuwa a 1994 gwamnatin Papandreou ta yi doka ta ƙwace wa Constantine dukiya da zama ɗan ƙasa, aka ce in yana son fasfo sai ya ɗauki sunan iyali kamar kowane talaka. Ya ƙi har ya mutu. Sai a Disamban 2024 'ya'yansa suka karɓi sunan De Grèce aka mayar musu da 'yancinsu na zama 'yan ƙasa.

Bayan suna sai wuri. Shekara ɗaya da waccan dokar, ranar 1 ga Yuli 1995, babban ɗansa Pavlos ya yi aure a majami'ar Girkawa ta Saint Sophia a Landan. Sarauniya Elizabeth ta je da kanta, Sarki Juan Carlos ya je, Margrethe ta je, Sarki Husaini na Jodan ya je. Abin da ya sauƙaƙa shi ne a Landan aka yi. Elizabeth tana cikin garinta, ta fita daga gida ta je bikin dangin mijinta ta dawo. Da a Atina ne, da magana ta sha bamban, kuma a shekara 70 da ta yi kan gado ba ta taɓa kai ziyarar aiki Girka ba. Shi ya sa za ki ga irin waɗannan bukukuwa ana kai su wata ƙasa ta uku. Jikan Sarki Faruku na Masar da jikar Zahir Shah na Afganistan a Santambul suka yi nasu a 2013. In kuwa gwamnatin gida ta yarda, ba a ma jin kunya: da Leka, jikan tsohon sarkin Albaniya, ya yi aure a Tirana a 2016, shugaban ƙasar da kansa yana wurin, Sofia ma ta je.

Ki lura da yawan ambaton Sofia. Tun da ɗanta Felipe ya hau a 2014 ta zama uwar sarki, ga jini ga girma, amma ba ita ce ƙasa ba. Irinta ake turawa, ko ƙanwar sarki, ko wani yarima da ke nesa da gado. Masu biki sun ga dangi, gwamnati ba ta da abin kamawa.

Wannan dabara na gan ta da idona tun ina saurayi, lokacin ina riƙe wa wani hakimi jaka. Ɗan wani sarki murabus zai yi aure a garin da aka kai mahaifinsa. Sarki mai ci ɗan'uwansa ne na jini, amma bai isa ya je ba, don gwamnatin da ta sauke wancan tana kallo. Sai ya turo maigidana da huhun goro biyu da bijimi. Da muka kusa gari dattijon ya sa aka tsaya, ya ce dogarai su jira a gindin wata tsamiya, mai algaita ya mayar da ita cikin jaka. Ya cire alkyabba ya ninke ya miƙo mini, ya shiga da rigarsa da rawani kawai. A zaure ya faɗi ya yi gaisuwa kamar yadda ya saba tun tsohon yana kan gado, ya ce, "Ɗan'uwanka yana gaisuwa." Bai ce Sarki ba. Wani maroƙi ya ɗauko kirarin sarauta, tsohon da kansa ya ɗaga masa hannu ya yi shiru. Na ga idonsa ya ciko lokacin da aka kwance goron. Ya tambayi lafiyar ɗan'uwansa har sau uku.

To Uwata, ni ra'ayina yana tare da zuciyarki fiye da yadda kike zato. Tsoron gwamnati yana da iyaka. A 1917 gwamnatin Ingila ta yarda ta ba Sarki Nicholas na Rasha mafaka, Sarki George na Biyar, ɗan yayar mahaifiyar Nicholas, wanda har kama suke yi, ya ji tsoron abin da talakawansa za su ce, aka janye tayin. A Yulin 1918 aka harbe Nicholas da matarsa da 'ya'yansu biyar a Yekaterinburg. Duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi. Shi ya sa na ji daɗi a Janairun 2023 da Constantine ya rasu a Atina. Gwamnati ta ce ba za a yi masa jana'izar ƙasa ba, a matsayin farar hula za a binne shi, kuma haƙƙinta ne. Duk da haka sarakunan Sifaniya da Holan da Beljiyam da Suwidin da Sarauniyar Denmark suka zo da kansu, Ingila ta turo Gimbiya Anne, suka raka shi a matsayin dangi, ba wanda ya nemi a buga masa bindiga.

Ki gaishe mini da mahaifiyarki, ki ce mata ƙafar ta yi sauƙi. In kin zo hutu ki tuna mini, zan kai ki wajen ɗan mai algaitar nan, yana nan da rai, mahaifinsa ya ba shi labarin tafiyar fiye da yadda na iya riƙewa.