An cire wa motata tamostat an sa fanka dairek, yanzu shan mai ya ƙaru: ina mafita?

Tambaya:

Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Corolla ƙirar 2007, 'yar Beljiyam, shekara ɗaya ke nan da na saye ta da kuɗin da na daɗe ina tarawa. A Kano nake aiki, iyalina suna Azare, kusan kowane ƙarshen mako ina kan hanya, sauran kwanakin kuma cikin gosulo. Nakan ci kamar kilomita 600 a mako. Ranar da na ɗauko ta bakanikena ya cire tamostat (ƙaramin ƙarfen da ke daidaita zafin ruwan inji) ya sa fanka dairek, wato tana juyawa ba tsayawa muddin mota na kunne, ya ce na ƙasar sanyi ne, a nan ƙona inji yake yi. Yanzu tana shan mai fiye da da, baƙin mai kuma yana saurin yin ruwa-ruwa da warin fetur. Wallahi hankalina a tashe yake, don in injin nan ya buga ba ni da halin sayen wani. Bayan kilomita nawa ya kamata in riƙa yin juye, kuma me zan kiyaye?

Daga wani mai karatu, Kano

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Kwantar da hankalinka, daga abin da ka faɗa injinka bai kai ga lalacewa ba, amma an ɗora shi a hanyar.

Bari in fara sallamar tambayar juye, don ita ce mai sauƙi. Littafin mota yakan zo da jadawali biyu, na tuƙin yau da kullum da na tuƙi mai wahala. Ƙura, zafi, tsayuwa cikin cunkoso da inji a kunne, gajerun tafiye-tafiye, lodi: duk wanda ke tuƙi a Arewa yana cikin na biyu, ko ya sani ko bai sani ba. Don haka juye duk kilomita 5,000 ko wata 6, wanda ya riga zuwa, tare da sabuwar filta kowane lokaci. A lissafinka na kilomita 600 a mako, wata biyu-biyu ke nan. Ka sa baƙin mai mai lamba 5W-30 da aka rubuta wa injin, a galan mai hatimi daga wurin da ka yarda da shi. Wanda ake aunawa a kwalba a bakin titi, ka bar musu. Kada kuma wani ya ce maka 20W-50 ne "mai ƙarfi" saboda kaurinsa. Hanyoyin mai na injin VVT-i, wato irin injin da ke motarka, ƙanana ne, mai kauri yana jinkirin isa sama da safe, lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ko kowane mako kake juye, muddin tamostat ɗin nan yana waje, wanka kake da kashi a gindi. Ba a yin kwana biyu ban ga motar da aka yi wa wannan aika-aikar ba, kuma hujjar guda ce kullum: "na ƙasar Turawa ne." Duk wanda ya je aikin Hajji ko Umara ya ga Camry da Hiace suna zirga-zirga a Makka cikin zafin da ya kai namu ko ya fi, kuma da tamostat ɗinsu aka sayar da su. Sabuwar Hilux da ake fitowa da ita daga kamfani don kasuwar Afirka ma da shi take zuwa. Injiniyoyin da suka ƙera injin ba su manta cewa akwai rana a duniya ba.

Aikin tamostat shi ne riƙe zafin inji a wuri ɗaya. A motarka yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82. Kafin nan yana tsare ruwa a cikin inji don ya yi saurin ɗumama. Da ya kai, sai ya sake shi zuwa lagireto. An auna fistin da ringi da silinda ne a kan girman da za su kai idan sun ɗau wannan zafin. Idan aka cire shi, da asubar hunturu a hanyar Wudil, iska na dukan lagireto, fanka kuma na juyawa ba tsayawa, inji zai yi tafiyar awa guda bai kai zafin aikinsa ba. Na'urar da ke auna zafin ruwa za ta ci gaba da shaida wa ƙwaƙwalwar mota cewa inji da sanyi, ita kuma ta ci gaba da ƙara fetur, kamar tsohuwar mota da aka manta an ja mata cok. Ga shan man da kake kuka da shi, a wannan zamani da tun cire tallafi a 2023 kowace lita sai an yi mata lissafi.

Fetur ɗin da ya yi yawa ba ya ƙonewa duka. Wani yana wanke man da ke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai, shi ne warin da kake ji da ruwa-ruwan da kake gani. Tururin ruwa da ya kamata zafi ya kore shi ma yana zama a ciki, ya haɗu da mai ya zama dagwalo. Ragowar kuma ta bi salansa ta toshe abin da ake kira indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, filogi ya yi baƙi. Ringi yana cinyewa a hankali, shekara biyu sai ka ga shuɗin hayaƙi, a ce maka ai motar ce ta tsufa.

Abin haushin ma, cirewar ba ta hana zafin da ake gudu. A injina da yawa tamostat yana da faifai na biyu a gindinsa, wanda ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji idan babbar ta buɗe. Ba shi, wani kaso na ruwan zafi zai riƙa komawa inji bai taɓa leƙa lagireto ba. Shi ya sa za ka ga mota ba tamostat, da safe allurar da ke nuna zafin inji a ƙasa, da azahar ɗin watan Afrilu cikin gosulo da AC a kunne kuma ta tashi sama.

Na san inda wannan al'ada ta samo asali, kuma ba zan ce duk bakanike mugu ba ne. Tamostat yakan tsufa ya maƙale a rufe, mota ta yi zafi, a cire shi, zafi ya sauka, sai a ce an gano maganin. Maganin ƙaramin ƙarfen da ya mutu shi ne a sa sabo, kuma kuɗinsa bai kai na cika tanki ba. Sau da yawa ma ba shi ne mai laifin ba: lagireto ne ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa na yoyo, ko motar fanka ta gaji. Sai a bar jaki a daki taiki. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne mai cirewa daga lafiyayyar mota ranar da ta iso, ba ta yi masa komai ba, ya karɓi kuɗin aiki, wani lokacin ma ya jefa tamostat ɗin a akwatinsa. Ita kuwa fanka dairek, a kan babbar hanya ba ta da wani amfani, iskar gudu ta fi ta. Abin da take yi kawai shi ne ƙone motarta da wahalar da caji, kuma in an ja wayar ba fis, kamar yadda aka saba, wata rana gobara ce.

Tagwayen wannan ɓarna shi ne ruwa. Na tabbata in ka buɗe lagiretonka da safe za ka ga ja kamar kunun kanwa da tsatsa, don wanda ya cire tamostat ba ya sayen kulant, wato ruwan musamman da ake zuba wa lagireto. Ruwan burtsatse da na leda suna ɗauke da gishiri da ke daskarewa cikin siraran bututun lagireto kamar yadda yake yi a gindin buta, ga shi yana cin alminiyon da aka yi kan injin da shi. Kulant yana da maganin tsatsa, yana shafa wa famfon ruwa, kuma tare da lafiyayyen murfi mai riƙe matsi ba ya tafasa sai ya wuce digiri 120.

To abin yi: a wanke lagireto da hanyoyin ruwa, a sa tamostat na asali mai lambar 82 a jikinsa, a mayar da fanka kan rile da fis ɗinta, a sa sabon murfi, a zuba kulant irin ruwan hoda na Toyota, a fitar da iska. Jabu ya yi yawa a kasuwa, ko a kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa a Kano sai ka buɗe ido. Kafin a ɗaura tamostat ɗin, ka jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta; ya kamata ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya rufe in ya huce. Ranar nan kuma a yi juye, don man da ke ciki ya riga ya gurɓata. Bayan haka allura za ta tsaya kusa da tsakiya, fanka ta riƙa tashi tana tsayawa. Haka aka yi ta, kada wani ya tsorata ka.

Sauran a taƙaice. Iyakilina, wato filtar iskar da ke shiga inji, a duba ta kowane juye, a lokacin hunturu ma tsakanin juye; a kakkaɓe ta a hankali, ba a wanke ta takarda, iskar mai faci mai ƙarfi kuma tana huda ta ƙura ta wuce kai tsaye. Man birki duk shekara 2, kuma ruwan omo ba man birki ba ne ko da na "ƙarasawa gida". Iskar taya a auna da safe kafin a hau hanya, da adadin da ke manne a jikin ƙofar direba. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT a gefen taya su ne mako da shekarar da aka yi ta, ka karanta kafin ka biya.

In kuwa ta taɓa yin zafi a hanya, ka tsaya ka kashe, ka jira ta huce sosai kafin ka taɓa murfin lagireto. Na ga fuskoki da hannuwan da ruwan nan ya saɓule. Bayan gyaran ka cika tanki, ka rubuta kilomita, ka je Azare ka dawo, ka sake cikawa, sannan ka aiko min da lissafin litar.