Adabi da kukan ƙananan ƙabilu: ta ina za a fara?

Ɗan'uwa, kana tambaya yadda adabi ke zama muryar ƙananan ƙabilun da aka danne, da inda za ka fara bincike. To dubi marubuci Ken Saro-Wiwa, da alƙalami ya kai kukan ƙabilarsa ta Ogoni da ke yankin Neja Delta kan ɓarnar haƙar mai har duniya ta ji, gwamnatin Abacha ta rataye shi a 1995. Sai dai kar ka tsaya kan littattafai kawai, nan da yawa ke kuskure, don abin da haƙar kuza ta yi wa gonakin Birom nan Jos ba duka ya shiga takarda ba, sai ka zauna da tsofaffi ka saurara, a yarensu. Wajen fassara kuwa, nemi malaman harsuna a Jami'ar Jos.